Waƙar Malam Gado da Baƙar Tawada

Kai Abdu, na ji abin da kac ce ma abokanka a bakin zaure, kada ka zaci kunnena ya tsufa tare da ni. Wai juyar da littafi ba sana'a ba ce, duba nan ka rubuta can ne kawai. To matso, ku ma duk ku matso. Ni Isiyaku na fi shekara arba'in ina duƙe bisa takarda a garin nan na Isa, bayana ya lanƙwashe, ido guda ya tafi, amma har yau in na tsoma alƙalami cikin kurtu sai gabana ya faɗi. Ba tsufa ba ne. Akwai dalili, kuma za ni faɗa maku shi.

Aikin farko da maigidana Malam Jibo yab ba ni, dakan bagaruwa ne. Shekara biyu cur ban taɓa takarda ba. In daka bagaruwa, in jiƙa ta da kashin maƙera, in tace, in dafa, in sa ƙaro. In ƙaro ya yi yawa, damina na zuwa shafi ya manne da ɗan'uwanai. In ya yi kaɗan, rubutu ya bi yatsan mai karatu. Sannan in shiga fadama in yanko gamba in feƙe alƙaluma, shi kuwa shi gwada su ɗaya bayan ɗaya bisa farcenai, shi watsar da rabi. Takarda kuwa ba a wasa da ita. Daga arewa take zuwa bisa raƙuman Azbinawa, in ka ɗaga ta ga rana ka ga tambarin jinjirin wata guda uku a cikinta, in kuwa ka ɓata shafi guda sai ka jira wani ayari. Ranar da nit tsallake kalma guda cikin wani littafin farilla, mun ma riga mun ba mai shi, Malam Jibo bai zage ni ba. Cewa yay yi in tashi in taka har ƙauyen mutumin, wuni guda a ƙasa, in faɗa mashi da bakina, in gyara a gabanai. Na je na dawo ƙafa duk ƙaya, yad dube ni yac ce, "Gobe ma ka yi gaggawa."

Jar tawada ita ce ƙarshen abin da yak koya mani. Tsarin aikinmu shi ne ka rubuta baƙi duka tukuna kana barin gurbi, in ya bushe ka komo da ja ka cike: sunan littafi, sunan mai shi, kan babi, da duk inda ake son a raba maganar wani da ta wani. Ja iri biyu ne. Akwai na karan dafi, wanda kowa ke iya dafawa a gida, amma bayan 'yan shekaru sai shi koɗe. Akwai na wani jan dutse da Azbinawa ke kawowa cikin 'yar jakar fata, a niƙa shi da ƙaro, wannan ko jikanka shina iske shi ja wur. Ni kuwa da nib buɗe zaure nawa sai girman kai yash shige ni, nir rantse karan dafi ba shi hawa takardata.

Masu kawo aiki iri-iri ne. Liman na son manyan haruffa saboda ido, falke na son ɗan ƙaramin littafi mai shiga aljihu, malamai mata na aiko da waƙoƙin wa'azi ƙunshe cikin zane su ce a cika wasali don ɗalibansu. Duk waɗanga masu sauƙi ne. Masu wuyar sha'ani su ne masu yin waƙa da kansu. Mutum shi zauna jikin gwiwarka shina numfashi a wuyanka, ka rubuta layi shi ce canza, ka canza shi ce mai da shi yadda shike. Kuma kowane ɗayansu, in ka saurara da kyau, akwai wani mai waƙa da ke hana shi sukuni.

Shekarar da nike ba ku labari, amana ta lalace tsakaninmu, mu da ke ƙarƙashin Sakkwato, da Gobirawa. Ku da kunka tashi kuna shiga kasuwar Sabon Birni kamar gidan kakarku, ba ku san yadda abin shike ba. Wancan zamani bana zaman lafiya, baɗi hari, a ƙone rumbuna, a kore shanu, mutum shi tafi gona da baka a kafaɗa. Hanyar arewa ta toshe, ayari bai sauko ba, jan dutsena ya ƙare ƙaf. Cikin wanga hali Malam Labbo yas shigo zaurena da gafaka a hammata.

Sai na faɗa maku ko wane ne Labbo, amma ba shi faɗuwa sai an fara da Malam Gado. Malam Gado tsoho ne Bagobiri, shina zaune Sabon Birni. A goye uwatai taf fito da shi ranar da anka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir. Da yag girma yak koma yag ga kufan, yay yi waƙa mai layi bibbiyu. Babu zagin kowa a cikinta, kukan mutum ne wanda garinsu ya mutu. Gobirawa sunka riƙe ta hannu biyu, mata na niƙa da ita, makafi na bara da ita. Labbo kuwa ɗalibinai ne, ya fi shekara goma a gabanai, ya shanye salon tsohon sarai. Wata rana Labbo yak karanta waƙar kainai a gaban jama'a, shina jiran yabo, sai Malam Gado yac ce, "Rigata ce kas sa, Labbo, hannunta ya yi maka tsawo." Anka yi dariya. Sati bai zagayo ba Labbo yak kwashe littattafanai yad dawo nan Isa, yaz zama malamin da ake ji da shi, amma wagga dariya ba ta bar kunnenai ba.

Abin da yak kawo mani tahamisi ne. Wato ka ɗauki waƙar wani mai layi biyu, ka aza layi uku naka a gaban kowane baiti, ta koma biyar-biyar. A al'ada girmamawa ce, yaro na yi ma waƙar malaminai. Takardar Labbo ta yi tsaf: a sama ya rubuta da ja cewa tahamisinai ne bisa waƙar Malam Gado, layukan tsohon da ja, nashi da baƙi. Nif fara karantawa. Baitocin farko kuka ne bisa kuka, daɗi har cikin ƙashi. Da niz zo na bakwai sai nit tsaya, don ga abin da yay yi da shi:

Garin da bai ji kukan talakka nai ba,
Sarkin da bai bar ma gwauruwa akuya ba,
Wa za shi ce Allah bai yi adalci ba?
Na zo ƙofar gari ban iske ƙofa ba,
Kuka ta tsiro inda inna tay yi daka.

Biyun ƙarshe na Malam Gado ne, ukun farko na Labbo. Daga nan har ƙarshe haka abin yat tafi: tsoho na kuka, yaro na cewa ku kunka ja ma kanku. Nic ce, "Malam, wagga ba girmamawa ba ce, mari ne." Yac ce, "Kai mai juyi ne ko alƙali? Biyar nike so, Tanko falke za shi raba su kasuwanni." Abin da yab ba ni tsoro kuwa, in ka rufe ido anka karanta maka, wallahi ba ka iya cewa ga inda Gado yat tsaya ga inda Labbo yaɗ ɗauka. Murya guda ce.

Niz zauna nij juya biyar ɗin nan da baƙi zalla. Nib bar gurbi a sama don suna, nic ce in ja ya samu sai in cike, in kuma ja layi bisa baitocin tsohon. Ban lura da abu guda ba, ko kuwa na lura na kau da kai. Masu waƙa kan sa sunansu cikin baitin ƙarshe, Malam Gado ma ya sa nashi. Labbo bai ƙara baitin suna ba, sunanai na can cikin jan rubutun sama kawai. Ke nan duk takardar babu suna ko ɗaya sai na Gado.

Ranar kasuwa da hantsi Tanko yaz zo, wai jakunai na tsaye da kaya. Nic ce ba a sa ja ba tukuna. Yac ce, "Haba Malam Isiyaku, ja ake karantawa ko baƙi?" Ku ji fa, matar maƙwabcina tana da karan dafi tuli, da shi take rinin kaba. Rabin wuni ya ishe ni in dafa in cike. Amma na rantse, kuma kunyar a ga koɗaɗɗen ja a aikina ta fi mani komi girma a ranar. Nim miƙa mashi takardu, nic ce duk wanda yab ba takarda, shi faɗa mashi da baki tahamisin Labbo ne. Yac ce to, to, shina ta leƙen jakunai.

Wata biyar shiru. Damina ta yi tsaka, ina feƙe alƙalami, sai ga Tanko ya faɗo zaure babu ko sallama. "Isiyaku, ka kashe tsoho!" Nic ce wane tsoho? Yac ce waƙa ta shiga Sabon Birni, makafi sun ɗauka, gari ya ɗauka, kowa na cewa Malam Gado ne ya ƙara ma waƙatai da tsufa, ya sai da Gobir ga mutanen Sakkwato. Mayaƙa na cewa a yanka shi, dattawa sun ce a zauna ranar Alhamis a ji ta bakinai. Nic ce, "Ba ka faɗa masu ba?" Yac ce, "Na faɗa ma na farko. Shi kuma wa yaf faɗa ma? Takarda ta wuce hannu goma." Wuƙar feƙe taf faɗi daga hannuna. Tsoro irin na ranar nan ban taɓa jin shi ba, ko ranar da anka kawo hari bakin ganuwa.

Nir ruga gidan Labbo, nib ba shi labari, nic ce shi tashi mu tafi shi faɗa da bakinai. Yac ce in shina son kainai a kan wuyanai ba shi taka Sabon Birni bana, kuma a nan kam gaskiya garai. Yaɗ ɗauko takardar asali mai ja da baƙi yab ba ni, yac ce in gaggauta. Ina bakin ƙofa yak kira ni. "Isiyaku, da gaske sunka ce ba a iya rarrabewa? Har malaman can?" Nij juyo nig ga shina ƙoƙarin danne murmushi. Tir! Da ba malami ba ne, da na faɗa mashi maganar da ba ta faɗuwa.

Nin naɗe takardar cikin fata, niɗ ɗaure a kaina ƙarƙashin rawani, nib bi Tanko. Gulbi ya kawo, munka haye da gora, ruwa har wuya, ni dai addu'ata kada takarda ta jiƙe. A ƙofar gari anka tsare mu, da sunka ji daga Isa nike wani yas sa mani tsinin mashi a ƙirji, sai da Tanko yar rantse a kaina. Nis sami Malam Gado zaune bisa buzu a ƙofar gidanai, babu ɗalibi ko ɗaya, mutumin da da can ba ka samun wurin aza ƙafa a zaurenai. Nid durƙusa nif faɗa mashi komi, har da zancen karan dafi, ban ɓoye ba. Yas saurara har nig gama, yac ce, "Ɗan wa kake a sana'a?" Nic ce Malam Jibo. Yac ce, "Allah ya ji ƙan Jibo, bai ga wagga rana ba." Da ya mare ni da ya fi mani sauƙi.

Bayan azahar ranar Alhamis anka zauna gindin tsamiya. Mai ƙara shi ne wani jarumi da ake ce ma Jatau, wanda ya rasa ƙanne biyu a yaƙi da mutanenmu. Nit tashi nib buɗe takarda, nin nuna masu ja da baƙi, nik karanta sunan Labbo a sama. Malamai biyu sunka duba sunka ce haka ne, haka ake tahamisi. Zuciyata ta fara kwanciya. Sai Jatau yac ce, "Takarda daga Isa, mai kawo ta daga Isa, tawada kuwa kowa na iya tsoma kara shi shafa. Ku malamai, ku aje takarda ku faɗa mani da kunnenku: bakin nan ba na Gado ba ne?" Malamai sunka dubi juna, babba cikinsu yac ce shi dai ba shi iya rantsuwa, salon guda ne.

Malam Gado yac ce to a kira Iya Hassu. Tsohuwa ce da ta fi shekara talatin tana niƙa da waƙatai, duk gari an san ita ce ta fi kowa riƙe ta. Yac ce, "Hassu, rera masu yadda kis san ta tun kina da ƙarfi, layi biyu-biyu." Tac ce, "Wannan ai ko cikin barci, Malam." Tag gyara zane, tar rufe ido, taf fara. Ina ƙirga layuka da yatsu cikin riga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Baiti na biyu ma biyar. Wata biyar kawai tana jin sabuwar daga bakin makafi da 'yan mata, ta zauna mata a harshe ta kore tsohuwar. Sai a baiti na uku taf farga, tat toshe baki da hannu tac ce, "Wayyo ni, Malam, ba haka nin nufa ba! Bari in sake." Tas sake, tas sake faɗawa ciki. Jatau yaj juya yab buɗe ma dattawa hannu.

Albarkacin furfura da karatun da yak koyar da 'ya'yansu, ba a yanka shi ba. Anka ce shi bar gari kafin sallar Juma'a, gida da gona kuwa shi bar su nan. Labbo da yaj ji ya aika a ce mashi ga ɗaki ga abinci a Isa har ƙarshen rai. Tsohon yac ce a gaya ma yaron ya gode. Yat tafi ƙauyen manoman nan da ke jikin kufan Alƙalawa, wata jikanyatai tab bi shi don dafa mashi.

Bayan kaka nit tattara 'yar takardar da tar rage mani, mai kyau, nit tafi can. Niyyata in rubuta waƙatai tsantsa daga bakinai, layi biyu-biyu, in juya ta da yawa in watsa, ko mutanen garinsu su gane su mai da shi gidanai. Nis same shi ya rame, shina zaune inuwar bukka shina kallon masu sussuka. Da yaj ji abin da yak kawo ni fuskatai ta saki, yac ce, "Madalla. Zauna, tsoma alƙalami." Yaf fara, ina rubutawa. Baiti na ɗaya, na biyu, har na shida, layi biyu-biyu tsaf, murya ta dawo mashi kamar ta saurayi. Yaj ja numfashi don na bakwai, yac ce, "Garin da bai ji kukan talakka nai ba."

Niɗ ɗaga alƙalami.

Yac ce, "Mi ya hana ka rubuta?"

Nic ce, "Allah gafarta Malam, wanga ba naka ba ne."

Yam maimaita layin ƙasa-ƙasa. Yac ce, "Tsufa ne. Tun ranar tsamiya nike juya layukan yaron a kaina don in ba shi amsa. Bari in ɗauko daga fari." Yak koma baiti na ɗaya, yab biyo a hankali shina taɓa ƙasa da yatsa ga kowane layi. Ni kuwa ina roƙon Allah cikin zuciya. Yaz zo na bakwai, yab buɗe baki, layin Labbo yas sake fitowa, wannan karon har da na biyunai, har da zancen akuyar gwauruwa, da daɗin murya kamar shi yay yi su.

Yad daɗe shina kallon wajen tsohuwar ganuwa. Tawada ta bushe a bakin alƙalamina. Can yac ce, ba tare da ya dube ni ba, "Naɗe takardarka, Isiyaku. Ashe ba su zalunce ni ba da sunka kore ni."